Tsire a Gaba, Tukunya a Baya: Me Ake Ci a Gidan Abincin Girkawa?

A manyan biranen duniya, daga Landan zuwa Dubai, daga Malbon zuwa Toronto, akwai wani irin gidan abinci da ake ganewa tun daga nesa. Fenti fari da shuɗi, hoton wani tsibiri mai fararen gidaje a bango, da allo a bakin ƙofa mai cewa a nan ana sayar da abincin Girka da na Bahar Rum. Ba wurin ƙwalisa ba ne, babu mai tambayar ka kwat ko ya jera maka cokula iri-iri. Kana shiga, abin da zai fara tarbar ka shi ne curin nama a tsaye yana juyawa a gaban wuta, wani saurayi yana saftar sa da doguwar wuƙa. Yawancin masu ci a nan sukan fita da tunani biyu: sun ci abin da Girkawa ke ci a gida, kuma shi ne abincin nan da likitoci ke yabo. Duka biyun da gyara. Naman mai juyawa bai daɗe da zuwa Girka ba in aka auna da tarihin ƙasar, abincin da ya jawo mata suna wajen likitoci kuwa yana can baya a cikin tukunya, galibi babu ko tsokar nama a ciki.

A Girka kanta, irin wannan gidan abinci na kowa da kowa ana ce masa taberna, kuma yana da dangi. Akwai wanda gashin nama kaɗai ya sa a gaba, akwai na kifi a bakin teku, akwai wanda ƙananan farantai kawai yake kawowa don masu hira, sannan ga ɗan shagon tsire da ake saya a tsaye a wuce. Taberna ita ce uwarsu. Sau da yawa ta iyali ce: uwa ko kaka a kicin, uba a wajen garwashi, 'ya'ya suna kai da kawo tsakanin tebura. Kujerun na katako ne masu saƙar igiya, tebur kuma ana shimfiɗa masa farar takarda a maƙale ta da ƙarfe don kada iska ta kwashe. In aka gama, sai a naɗe takardar da ɓurɓushin burodi da ƙashin kifi gaba ɗaya, a shimfiɗa sabuwa. A wasu wuraren ma a jikin takardar mai gidan yake yi maka lissafin kuɗinka.

Lokacin cin abincinsu yakan rikita baƙo. Abincin rana sai wajen ƙarfe 2 zuwa 3, na dare kuwa ba a fara shi sosai sai ƙarfe 9, a lokacin zafi har 10. Wanda ya je ƙarfe 7 na yamma ya tarar da wuri wayam kada ya ce abincin ne ba daɗi, sammako ya yi. Haka nan ba a san kowa ya riƙe farantinsa shi kaɗai ba. Ana neman abubuwa da yawa ƙanana, waɗanda ake kira meze, a zuba su a tsakiya, kowa ya kai cokalinsa inda ya ga dama. Ba sa zuwa a jere kamar a gidan abincin Faransawa, duk wanda ya nuna shi ake fitowa da shi. Kuma tebur ɗin naka ne har sai ka gaji. Babu mai kawo maka takardar kuɗi sai ka nema, domin kawo ta ba a tambaya ba, a wurinsu, kora ce da hali.

Akwai wata al'ada da ta fi komai amfani ga baƙo, ko da yake tana raguwa a wuraren 'yan yawon buɗe ido: a tsohuwar taberna kana iya tashi ka shiga kicin ka ga abin da aka dafa. Za a buɗe maka tukwane da manyan tirorin tanda, ka nuna da yatsa. Takardar jerin abinci na iya ɗaukar suna hamsin, amma abin da ke nan yau bai fi goma ba, kuma su ne na gaskiya. An ɗora su tun da safe, an sauke kafin azahar, an bar su suna hucewa. Saboda haka sau da yawa da ɗumi-ɗumi za a kawo maka, ba da tururi ba. Baƙi sukan yi ƙorafi a kan wannan, suna zaton ganganci ne. Girkawa kuwa sun yi imani cewa abincin da aka dafa da man zaitun sai ya kwanta ya sha jikinsa yake daɗi, kuma a nan ina bayansu.

Wannan abincin tukunya shi ne zuciyar lamarin. Babban rukuni a cikinsa ana kiran sa ladera, kayan lambu da aka dafa a man zaitun da tumatir da albasa a kan wuta marar ƙarfi har ruwan ya tsotse, ya rage mai ja a gindin tukunya. Akwai ɗanyen wake da dankalin Turawa. Akwai kuɓewa, ƙanana, waɗanda ake jiƙawa a ruwan tsami kafin a dafa don a kashe yauƙin, domin su ba sa son yauƙi ko kaɗan. Akwai tumatir da tattasai da ake rarake cikinsu a ɗura shinkafa da ganyen ƙamshi a gasa a tanda. Akwai manyan fararen wake, kowace ƙwaya kamar babban yatsa, da ake gasawa da tumatir. Ga miyar wake da ake kira fasolada, wadda Girkawa da yawa ke ɗauka ita ce abincin ƙasa, ba tsire ba. Ga faba, wadda tsibirin Santorini ya yi suna da ita, wani irin rawayan wake da ake dafawa har ya narke, a zuba masa mai da ɗanyar albasa. Sai kuma horta, ganyayen jeji da mata ke tsinkowa a gefen duwatsu, a tafasa, a tsame, a zuba mai da lemon tsami. Wanda ya taso da dafaffen zogale ko rama ba zai ji baƙunta a gaban farantin horta ba, sai dai zai nemi ƙuli-ƙuli ya rasa.

Abu biyu suka haifar da wannan girki: talauci da azumi. Girka ƙasa ce ta duwatsu, kusan kashi huɗu cikin biyar nata tsaunuka ne da tuddai, ba ta da filin kiwon shanu mai yawa. Abin da ke rayuwa a irin wannan wuri shi ne zaitun, inabi, tumaki da awaki. Manomi ba ya yanka tunkiyar da ke ba shi nono sai da dalili, don haka nama na ranar Lahadi ne da ranakun biki, musamman Ista, lokacin da ake gasa rago sukutum a kan dogon ƙarfe. Tsofaffin da suka ga yunwar da ta kashe dubban mutane a Atina a hunturun 1941 zuwa 1942, lokacin mamayar Jamus, sun tashi ba sa wasa da burodi, kuma har yau goge man da ya rage a faranti da burodi ba abin kunya ba ne a taberna.

Azumin kuwa na Cocin Otodoks ne, wanda mafi yawan Girkawa ke bi. Ba kame baki ba ne daga asuba zuwa magariba, ƙaurace wa wasu nau'ukan abinci ne: nama, madara, cuku, ƙwai, a yawancin ranaku har da kifi mai ƙashin baya. Ana yin sa kusan kowace Laraba da Juma'a, da makonni bakwai kafin Ista, da kwana 40 kafin Kirsimeti, da makonni biyun farko na watan Agusta. In aka tara, ranakun sun kai rabin shekara. Ba kowa ke kiyaye su duka ba a yau, amma shekaru ɗaruruwa na wannan ƙa'ida sun tilasta wa masu girki su koyi yadda za a ƙosar da iyali ba nama ba nono, kuma abincin ya yi daɗi. Sufayen da ke gidajen ibada na Dutsen Atos ba sa cin nama ko kaɗan. Har yanzu in azumin Ista ya kama, gidajen abinci, har da na zamani masu sayar da soye-soye, sukan fito da jerin abincin azumi daban, wanda ake kira nistisima. Alhamis ɗin da ke gabanin azumin da 'yan kwanaki kuwa, gari duk sai ya turnuƙe da hayaƙin gashi, kowa na bankwana da nama.

Abin da ya riƙe wannan girki duka shi ne man zaitun, kuma ba ɗiga shi ake yi ba, kwarara shi ake yi. Girkawa suna cikin waɗanda suka fi kowa shan man zaitun a duniya in aka raba da yawan jama'a, kuma ƙasar tana sahun gaba wajen noma shi tare da Sifaniya da Italiya. Yawancin man yana fitowa daga tsibirin Kirit da yankin Feloponis, daga wani ƙaramin iri da ake kira koroneki. Iyalai da dama a birni har yanzu suna da 'yan itatuwa a ƙauyensu, kuma a gwangwani mai lita 17 ake kawo musu man shekara. Taberna mai mutunci ana gane ta daga mai. In ka ga an soya komai da man da ba shi da ƙamshi, an kuma yayyafa na zaitun kamar ana tsoron sa, to fentin bango ba zai cece ta ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Salak ɗin nan da duniya ke kira na Girkawa shi ma gwaji ne mai sauƙi. A can sunansa horiyatiki, kuma abin da ke cikinsa ƙidayayye ne: tumatir a yanka manya, kokwamba, ɗanyar albasa, koren tattasai, 'ya'yan zaitun, gishiri, busasshen ganyen origano, mai, sai a ɗora ɓarin cuku guda a kai, ba a marmasa shi ba. Babu latas. In ka ga latas ya cika kwano, an yi ne don a rage tumatir da cuku, kuma ɗabi'ar gidajen abincin ƙetare ce. Abincin bazararsu ne, lokacin da tumatir ya nuna a rana. Da hunturu mutanen gari sukan koma kabeji da karas. Shi kansa tumatir bai shiga girkin Girka ba sai ƙarni na 19, don haka duk mai ce maka wannan salak ɗin tun zamanin Aflatun ake cin sa, talla yake yi.

Cukun da ke kai, feta, ya sha shari'a. Da nonon tumaki ake yin sa, ana iya haɗawa da na awaki amma kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari, sannan a ajiye shi a ruwan gishiri aƙalla wata biyu. Kamfanoni a Denmak da Jamus sun daɗe suna yin farin cuku da nonon shanu suna sa masa wannan suna. A 2002 Tarayyar Turai ta keɓe sunan ga cukun da aka yi a wasu yankunan Girka, ƙasashen biyu suka ƙalubalanci matakin, kotun Tarayyar ta ba Girka gaskiya a 2005. A 2022 kotun ta sake samun Denmak da laifin barin kamfanoninta suna fitar da cuku da wannan suna zuwa ƙasashen waje. Dokar ba ta kai ko'ina ba, saboda haka a wajen Turai abin da ake marmasa maka a salak sau da yawa na shanu ne. Bambancin a baki yake: na tumaki yana da maiƙo da ɗan tsami mai kama harshe, na shanu gishiri ne kawai da fari.

To, ina naman nan mai juyawa ya fito? Gasa nama a tsinke tsohon abu ne a yankin. Masu tonon tarihi sun samo murhunan yumɓu masu gurbin ɗora tsinke a Akrotiri, a tsibirin Santorini, waɗanda suka haura shekara 3,500. Amma tsayar da ƙarfen a miƙe, a jera yankakken nama a kai, a sa wutar a gefe, dabarar Turkawa ce ta ƙarni na 19, kuma birnin Bursa ake dangantawa da ita. Girka ta shafe kusan shekara 400 a ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Yaƙin neman 'yanci ya fara a 1821, amma birnin Tasalonika bai dawo hannun Girka ba sai 1912. Bayan yaƙin Girka da Turkiyya da ya ƙare da ƙonewar birnin Simirna, wato Izmir ta yau, a 1922, ƙasashen biyu suka yi yarjejeniyar musayar jama'a a Lozan a 1923, bisa addini. Kiristoci Otodoks kimanin miliyan 1.2 suka baro yankin Anadolu zuwa Girka, Musulmi kusan 400,000 suka bi ta kishiyar hanya. Ƙasar da jama'arta ba su fi miliyan 5 ba ta wayi gari da baƙi sama da miliyan guda, waɗanda suka zo ba dukiya sai sana'ar hannu da ɗanɗanon bakinsu. Su suka ƙarfafa amfani da kayan ƙamshi irin su kirfa da kamun, suka kawo ƙwallayen niƙaƙƙen nama cikin miyar tumatir da har yau ake kira da sunan Simirna, kuma ta hannunsu gashin tsaye ya samu gindin zama, ya zama giros.

Wannan ƙarfe ɗaya ne ya bazu ko'ina. A ƙasashen Sham ya zama shawarma, Turkawa 'yan ci-rani suka mai da shi abincin titi a Balin a shekarun 1970, 'yan Labanan suka kai shi Meziko. Shawarmar da matasa ke layi a kanta a Kano da Kaduna da Abuja jikar wannan dabara ce, ta hannun Kwarori ta iso, ko da yake a hanya ta ɗebo kabeji da mayonis da tsiran gwangwani da kakanninta ba su sani ba. Abin lura shi ne Girkawa ma sun zo Afirka ta Yamma da wuri. Kamfanin PZ rabin sunansa na wani Bagirke ne, George Zochonis, haka Anastasios Leventis ɗan tsibirin Kubrus ne mai jin Girkanci. Amma su kanti da masana'anta suka kafa, ba su bar mana tukunya ba.

Giros na Girka ya bambanta da 'yan'uwansa ta fuska ɗaya babba: da naman alade ake yin sa. Kaza tana biye, amma in ba a faɗi komai ba, alade ne. Haka tsiren tsinke, suflaki. Ana naɗe naman a gurasa mai kauri da aka shafa wa mai aka ɗumama a kan wuta, da tumatir, albasa, soyayyen dankali, da tsatsiki, wato tataccen kindirmo da aka kwaɓa da gurzajjen kokwamba da tafarnuwa. A Amurka kuwa wani abu daban ake kira giros: niƙaƙƙen naman sa da na rago da aka cakuɗa da garin burodi aka matse shi a masana'anta, sana'ar da kamfanonin Girkawa suka bunƙasa a Shikago a shekarun 1970. A Shikago ɗin dai aka ƙirƙiro wasan nan na zuba barasa a kan soyayyen cuku a cinna masa wuta a gaban baƙi ana ihu; gidan abinci mai suna Parthenon ne ya yi iƙirarin fara shi a 1968. A ƙauyen Girka cukun kawai za a soya a matsa masa lemon tsami.

Ko musaka, wadda ake ɗauka tutar girkin Girka ce, siffarta ta yau ba ta tsufa ba. Larabawa da Turkawa suna da tasu, baƙin gauta da nama ko tumatir. Wanda ya ɗora mata wannan farin rufi na madara da fulawa da bota shi ne Nikolaos Tselementes, wani kuku ɗan tsibirin Sifnos da ya yi aiki a Turai da Amurka, a shekarun 1920. Burinsa shi ne ya kusantar da girkin ƙasarsa ga na Faransa, ya rage masa ƙamshin Gabas. Ya yi nasara har ta kai sunansa ya zama sunan littafin girki a bakin mutane, amma masu girki da yawa na yanzu suna ganin ya yi ɓarna, domin ya koya wa matan birni raina man zaitun da ganyen ƙauye. Wannan jan-in-ja tsakanin Gabas da Yamma bai ƙare ba. Gahawar da ake dafawa a ɗan ƙaramin tukunya da gari a ƙasa, Girkawa da kansu ta Turkawa suke ce mata har dangantakarsu da Turkiyya ta yi tsami, musamman bayan sojan Turkiyya sun shiga Kubrus a 1974, sannan ta koma gahawar Girka. Baklawa da naɗin ganyen inabi kuwa kowace ƙasa daga Atina zuwa Bairut tana rantsuwa nata ne.

Wannan ne ya sa allon nan mai cewa Girka da Bahar Rum bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, amma ya haɗa abin da a gida ba a haɗawa. Humus da falafel na Masar da ƙasashen Sham ne. A tsohuwar taberna ta ƙauyen Girka ba za ka same su ba, ko da yake mutanen Kubrus suna cin humus. A ƙetare, mai gidan na iya zama Baturke ko ɗan Labanan ko ɗan Albaniya, ya ga sunan Girka ya fi jan masu saye. Ba na ganin laifi a nan muddin abincin ya yi kyau. Inda nake da ja shi ne amfani da sunan Bahar Rum a matsayin shaidar likita.

Asalin wannan shaida bincike ne da wani masani Ba'amurke, Ancel Keys, ya jagoranta daga 1958 a ƙasashe bakwai, inda aka bi lafiyar maza kusan 13,000 masu shekara 40 zuwa 59. Mazan ƙauyukan Kirit, waɗanda aka fara aunawa a 1960, su suka fi kowa ƙarancin mutuwa ta ciwon zuciya, alhali mai ya yi yawa a abincinsu. Sai dai man na zaitun ne, sauran abincin kuwa burodi ne, wake, ganye, 'ya'yan itace, ɗan kifi, nama jefi-jefi. Mutane ne masu tafiyar ƙasa a kan duwatsu, masu azumin coci. Kuma ba zaɓi ba ne duka: binciken da Gidauniyar Rockefeller ta yi a tsibirin a 1948 ya nuna nama ne abin da mafi yawansu ke marmari. Da hali ya samu, sai suka ci. A 2010 hukumar UNESCO ta sa tsarin cimar Bahar Rum cikin al'adun duniya da ya kamata a adana, da sunan Girka, Italiya, Sifaniya da Maroko, aka ƙara Kubrus, Kuroshiya da Fotugal a 2013. Amma a daidai wannan lokaci yaran Girka suna cikin waɗanda suka fi ƙiba a Turai. Gurasa mai maiƙo cike da nama da soyayyen dankali, a kora da lemon kwalba, ba ita Keys ya auna ba.

Ga Musulmin da ya tsinci kansa a Girka, wannan bayani ba na sha'awa ba ne kawai. Alade ya ratsa ɓangaren gashi. Ko ka zaɓi kaza, sau da yawa a kan ƙarfe ɗaya ake gasa su da wuƙa ɗaya, kuma niƙaƙƙen naman da ake yi wa ƙwallo ko a sa a musaka yana iya zama gaurayen sa da alade. Batun yanka kuma yana nan. Akwai Musulmi 'yan asali a yankin Tarakiya ta Yamma, a garuruwan Komotini da Santi, akwai kuma shagunan halal na 'yan Pakistan da Larabawa a tsakiyar Atina, birnin da bai samu masallaci na hukuma ba sai 2020. Amma a taberna ta gari, mafita mafi sauƙi ita ce tambayar abincin azumi. Kalmar nistisima kowane mai kawo abinci ya san ta, kuma ta kawar da nama da kitse gaba ɗaya. Abin da ya rage a tambaya shi ne giya, domin ana zuba ruwan inabi mai sa maye a wasu dahuwar, musamman ta dabbar ruwan nan mai hannu takwas, kuma akan ɗiga barasar uzo a jatan lande. Su kansu dabbobin ruwa ba matsala ba ne ga mabiya mazhabar Malikiyya, wadda ta halatta su. A gidajen ƙetare lamarin yakan fi sauƙi, tunda da yawa Musulmi ne ke riƙe da su, amma fari da shuɗi a bango ba shaidar halal ba ce, sai an tambaya.

Batun kuɗi yana da nasa tarko. Burodin da aka ajiye maka ba ka nema ba yawanci akwai ɗan kuɗinsa. Manyan kifaye da kilo ake sayar da su, haka haƙarƙarin rago, don haka farashin da ke rubuce na kilo ne ba na faranti ba. Ka je ka zaɓi kifin, a auna a gabanka, a faɗa maka kuɗin kafin ya hau wuta. Doka ta wajabta a sa alama a jikin duk abin da aka daskarar a firji, galibi ɗan tauraro a gefen sunan. Kifaye biyu da aka fi gani a jerin abinci, masu matsakaicin girma da farashi ɗaya a ko'ina, yawanci na kiwo ne, domin Girka na cikin manyan masu kiwon su a keji a teku. Ƙananan kifaye irin su sardin su ne masu araha, kuma su ne suka fi zama sabon kamu. A unguwannin baƙi kamar Filaka da Monastiraki a Atina, wurin da aka ajiye mutum a ƙofa yana jan hannunka, da hotunan abinci da jeri a harsuna shida, ya riga ya gaya maka ba ya jiran ka dawo. A ƙasan takardar abinci kuma za ka ga an rubuta cewa ba dole ba ne ka biya in ba a ba ka rasit ba, matakin da gwamnati ta ɗauka don yaƙi da ƙin biyan haraji. A ƙarshe sau da yawa akan kawo kankana, ko kindirmo da zuma, ko halawar simolina, kyauta daga mai gida.

Abin da ke barazana ga tukunyar baya lissafi ne. Rikicin bashin da ya fara a 2009 ya cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tattalin arzikin ƙasar, kuma a 2015 aka ɗaga harajin abincin gidajen cin abinci daga kashi 13 zuwa 23 cikin ɗari kafin daga baya a sassauta. Fari a Sifaniya ya sa man zaitun ya yi tashin gwauron zabi a 2023 da 2024. A 2023 baƙi fiye da miliyan 30 suka ziyarci ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 10 da 'yan kai ba, kuma mafi yawansu sun zo da sunaye uku ko huɗu a ka: giros, suflaki, musaka, salak. Gyaran kuɓewa ɗaya bayan ɗaya da rarake tumatir aikin awoyi ne, yana buƙatar mai hannu, kuma abin da bai ƙare yau ba asara ne. Curin giros kuwa daga masana'anta yake zuwa a shirye, yaron da ya koyi aiki jiya ma zai iya saftar sa. Mai taberna da ke biyan haya a bakin teku ya san wanda ya fi kawo riba. Shi ya sa a yau wanda ke neman wake da ganye da kuɓewa ya fi samun su da rana, a titunan bayan kasuwa, a ƙananan gidajen da ma'aikata da 'yan fansho ke ci, inda tukwane kan ƙare kafin ƙarfe 4 a rufe ƙofa.